Yadda ake koyon dokokin zama irin na majalisa a mitin ɗin ƙungiyar ɗalibai, da yadda za ka koya wa wasu

Duk wanda ya taɓa zama a mitin ɗin ƙungiyar ɗalibai ya san yadda abin yake in babu tsari. Mutum uku masu ƙarfin murya su kwashe awa biyu suna ja-in-ja, sauran suna ta danna waya, a tashi kowa ya tafi da abin da yake zaton an yanke, bayan sati ɗaya a dawo ana musu wai an amince ne ko ba a amince ba. Na yi sakatare, na riƙe kujerar shugaba, daga baya na zama wanda ake kira in zauna da sabbin shugabanni in koya musu tafiyar da zama. Abin da na gano shi ne wannan ilimi da baki ake koyonsa, ba da haddar jadawali ba, kuma amfaninsa guda biyu ne kacal, marasa rinjaye a saurare su, masu rinjaye kuma su yanke. To ga yadda nake yi.

Kayan da za ka tanada

Na farko kundin tsarin mulkin ƙungiyarku, a buga shi a takarda, kar ka dogara da hoton da wani ya turo a guruf shekara biyu da suka wuce don wataƙila an yi masa gyara tun lokacin. Duk abin da zan faɗa a ƙasa in ya ci karo da kundinku to kundinku ne gaba, shi ma kundin in ya ci karo da dokar makaranta ko ta ƙasa su ne gaba da shi.

Na biyu littafin dokokin zama. Wanda ƙungiyoyi suka fi amfani da shi, musamman a Amurka, shi ne Robert's Rules of Order. Henry Robert injiniya ne a rundunar sojan Amurka, a 1863 aka ce ya jagoranci wani taro a coci ya rasa yadda zai yi da mutane, abin ya tsaya masa a rai har ya zauna ya yi nazari ya fitar da littafin a 1876, kuma bugu na 12 ya fito a 2020. Dokokin da zan kawo nan daga shi suke. Littafin babba ne, shafi ɗaruruwa, amma akwai taƙaitaccen bugunsa wanda ya ishi ƙungiyar ɗalibai. In ba ku da kuɗin saye, bugun 1915 yana nan kyauta a intanet, sai dai a tuna tsoho ne, an canza wasu abubuwa bayansa. In kuma ƙungiyarku tana da nata rubutattun dokokin zama, ko kuna bin salon majalisar Ingila wanda Erskine May ya tattara a 1844, to ku riƙe naku, abin da ba na so shi ne a gauraya biyu a zama ɗaya, yau wannan gobe wancan gwargwadon wanda ya fi yi wa shugaba daɗi.

Sai ƙananan kaya: rajistar mambobi, ajanda da aka buga, littafin sakatare, 'yan guntayen takardu da biro na rubuta ƙuduri, agogo ko waya mai ƙirga lokaci, allo da alli ko maka. Guduma in akwai, in babu rula ma ta yi, a buga tebur sau ɗaya a hankali. Kar rashin guduma ya hana ku zama.

Mataki na 1: fitar da lambobinku daga kundi

Kafin ka koya wa kowa komai, zauna da kundin ka nemo amsar tambayoyi huɗu ka rubuta a bangon littafinka. Waye ke da ƙuri'a? Kwana nawa kafin zama ake sanar da mambobi? Wane abu ne ke buƙatar fiye da rinjaye na yau da kullum? Sannan mutum nawa ne kwaram, wato mafi ƙarancin adadin da in ba su hallara ba zaman ba zai iya yanke komai ba.

Wannan kwaram ɗin shi ya fi kayar da ƙungiyoyin ɗalibai. In kundi bai faɗi adadi ba, littafin Robert ya ce fiye da rabin duka mambobi ne, ke nan ƙungiya mai mutum 120 sai 61 sun zo, kai kuma ka san lokacin jarabawa ko 40 da ƙyar. Maganin shi ne ku gyara kundin ku sa adadin da za ku iya samu a rana ta yau da kullum, misali kashi ɗaya bisa huɗu, mutum 30. Amma kafin a gyara, in kwaram bai cika ba abin da zama zai iya yi kaɗan ne: a tashi, ko a ɗan yi hutu, ko a sa wata rana, ko a tura a kira waɗanda ba su zo ba. Duk wani kuɗi da aka amince a kashe ko zaɓe da aka yi a irin wannan zama ba shi da ƙarfi, kuma wallahi wata rana sai wani ya tono shi.

Mataki na 2: jerin ajanda

Wannan ba shi da wahala. Shugaba ya buɗe zama bayan ya tabbatar kwaram ya cika, a duba minit na zaman baya, wato rubutaccen bayanin abin da aka yi a zaman, a ji rahoton shugabanni da kwamitocin dindindin, sai kwamitocin wucin gadi, sai abin da aka riga aka ware wa wannan zaman musamman, sai ragowar aikin da ba a ƙarasa ba, sai sabbin batutuwa, sai sanarwa a tashi.

Kuskure biyu nake yawan gani. Ɗaya, a tsaya neman wanda zai kawo ƙudurin amincewa da minit, alhali shugaba zai tambaya ne kawai "akwai gyara?" in an gama gyara ko babu sai ya ce an amince. Biyu, a kaɗa ƙuri'ar amincewa da rahoton ma'aji. Ba a yi. Ana ji ne a yi tambayoyi a ajiye, rahoton masu binciken kuɗi shi ake amincewa da shi, don ba daidai ba ne mutane su sa hannu kan lissafin da ba wanda ya duba.

Mataki na 3: tafiyar ƙuduri, gaɓa shida

Nan ne zuciyar abin, kuma nan nake kashe rabin lokacin horo. In mutanenka sun iya wannan kaɗai suka bar sauran, zamanku zai gyaru fiye da yadda kake zato.

Gaɓa ta farko, mamba ya miƙe ko ya ɗaga hannu ya ce "Mai girma shugaba", ya jira sai shugaba ya kira shi, sannan ya ce "Ina gabatar da ƙuduri cewa ƙungiya ta buga kwafi 200 na mujallarta kafin ƙarshen wannan zangon." Ka lura da yadda maganar take, akwai me za a yi, guda nawa, zuwa yaushe. "Ina ganin ya kamata mu duba maganar mujalla" ba ƙuduri ba ne, hira ce. Kuma ya tsaya nan, kar ya fara kawo hujja tukuna.

Ta biyu, wani ya ce "Na mara masa baya", ba sai an ba shi dama ba, daga inda yake zaune. Mara baya ba yana nufin ka yarda da ƙudurin ba, yana nufin kana so a tattauna shi, kana iya mara baya ka zo ka ƙi shi a ƙuri'a. In shugaba ya tambaya babu wanda ya mara, sai ya ce ƙudurin ba ya gaban zama, a wuce.

Ta uku, shugaba ya maimaita ƙudurin kalma da kalma: "An gabatar kuma an mara baya cewa ƙungiya ta buga kwafi 200 na mujallarta kafin ƙarshen wannan zangon. Akwai mai magana?" Wannan ita ce gaɓar da sabbin shugabanni ke tsallakewa, kuma ni ma ta taɓa cina. Wani zama da na jagoranta, wata ɗaliba ta kawo ƙuduri mai tsawo kan canza ranar taronmu, ban sa ta rubuta ba ban kuma maimaita ba, muka yi muhawara kusan minti arba'in muka kaɗa ƙuri'a, ashe rabin ɗakin sun ɗauka canjin na wata ɗaya ne, rabi sun ɗauka na dindindin ne, sakatare kuma ya rubuta wani abu na uku. Sai da muka sake zama a kan abu ɗaya, kuma wasu sun daɗe suna ganin da gangan aka yi. Tun daga ranar duk ƙudurin da ya wuce layi ɗaya sai an rubuta shi a guntuwar takarda an miƙo mini. Daga lokacin da shugaba ya maimaita shi kuma ƙudurin ya fita daga hannun mai shi ya zama na zama gaba ɗaya, ko janyewa yake so sai da izinin zama.

Ta huɗu muhawara. Ta biyar shugaba ya sake karanta ƙudurin ya sa a ƙuri'a, "masu goyon baya su ce eh, masu adawa su ce a'a", kuma dole ya kira ɓangaren a'a ko da eh ɗin ta cika ɗaki. Ta shida ya faɗi sakamako da abin da zai biyo baya: "Masu eh sun yi rinjaye, an amince, kwamitin yaɗa labarai zai buga kwafi 200." Sai ya kira abu na gaba.

Doka ɗaya da za ka nanata musu, babban ƙuduri ɗaya ne a gaban zama a lokaci ɗaya. In ana maganar mujalla wani ya tashi da maganar rigunan ƙungiya, shugaba ya ce masa da ladabi ya riƙe ta sai an gama wannan.

Mataki na 4: muhawara

Wanda ya kawo ƙuduri shi ke da haƙƙin fara magana. Kowa yana da damar magana sau biyu kan batu ɗaya a rana ɗaya, kuma ba zai yi ta biyu ba muddin akwai wanda bai yi ta farko ba yana so. Littafin ya ba da minti 10 ga kowane jawabi, wanda a ganina ya yi wa zaman ɗalibai yawa ƙwarai, gara ku kafa dokarku ta minti biyu ko uku ku sa mutum ɗaya ya riƙe agogo, yana ɗaga takarda in saura daƙiƙa talatin. Shugaba ya riƙa karɓa-karɓa, mai goyon baya sannan mai adawa.

Kowace magana ta bi ta kan shugaba. Ba a juyawa a fuskanci abokin musu a ce "kai ba ka san komai ba", ana cewa "Mai girma shugaba, ban yarda da hujjar wanda ya gabace ni ba." Da farko ɗalibai suna jin abin kamar wasan kwaikwayo, amma na sha ganin yadda wannan 'yar al'adar take sauke zafin rai, don da wuya ka zagi mutum alhali fuskarka na kallon wani. Ana sukar ra'ayi, ba a taɓa niyyar mutum. Shi kuma shugaba a babban zama ba ya shiga muhawara daga kan kujera, in abin ya ci masa rai ya miƙa wa mataimakinsa ya sauko, kuma ba zai koma ba sai an gama da wannan batun.

Mataki na 5: gyaran ƙuduri

Nan ne kai ke ɗaurewa, don haka kar ka koyar da shi a rana ɗaya da mataki na 3. Gyara iri uku ne: a ƙara kalmomi, a cire kalmomi, ko a cire wasu a sa wasu a gurbinsu. Mamba zai ce "Ina gabatar da gyara cewa a cire 200 a sa 300." A mara masa baya, shugaba ya maimaita, daga nan muhawara ta koma kan 200 ko 300 kaɗai, ba kan a buga mujalla ko kar a buga ba. A kaɗa ƙuri'a kan gyaran. To ga inda ake faɗuwa: amincewa da gyara ba amincewa da ƙuduri ba ne. Bayan gyaran ya wuce shugaba zai karanta ƙudurin da sabuwar sigarsa, "kwafi 300", a ci gaba da muhawara, a sake ƙuri'a. Sau da yawa na ga an tafa an wuce abu na gaba alhali babban ƙudurin yana nan ba a taɓa shi ba.

Ana iya yi wa gyaran kansa gyara, wani ya ce a cire 300 a sa 250, amma a nan aka tsaya, babu hawa na uku. Ni a allo nake koyar da wannan. Na rubuta ƙudurin a ƙasa, gyara a samansa, gyaran gyara a can sama, sai in ce musu kamar kwanuka ne aka jera, ba ka isa ka ɗauki na ƙasa ba sai ka sauke na sama. Muna kaɗa ƙuri'a ina gogewa daga sama zuwa ƙasa. Da sun gani da ido sau biyu shi ke nan ya zauna.

Dole gyara ya shafi batun, ba a liƙa maganar riguna a jikin ƙudurin mujalla da sunan gyara. Sannan abin nan da ake yi, wani ya kawo gyara mai ƙuduri ya ce "na karɓa" a wuce, bai isa ba, tunda ƙudurin ya riga ya zama na kowa. Hanya mai sauƙi ita ce shugaba ya ce "akwai mai ƙin wannan gyara?" in shiru ya ce an amince, in mutum ɗaya ya ƙi sai a bi ta ƙuri'a. Wannan tambaya ta "akwai mai ƙi?" ka koya wa shugabanku ita sosai, tana rage lokaci a duk ƙananan abubuwan da ba a jayayya a kansu.

Mataki na 6: ƙuri'a da lissafinta

Rinjaye shi ne fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Ba kashi 51 cikin ɗari ba ne, ba kuma rabi da ɗaya ba. Ɗauki ƙuri'a 17, rabinsu 8 da rabi ne, 9 ta yi rinjaye, amma mai lissafin rabi da ɗaya zai ce sai 10. Waɗanda suka ƙaurace ba a lissafa su, sai in kundinku ya ce rinjayen waɗanda suka halarta ake so. Mutum 40 a ɗaki, 12 suka ce eh, 9 suka ce a'a, sauran suka yi shiru, ƙuduri ya wuce. In aka yi kunnen doki ƙuduri ya faɗi.

Kashi biyu bisa uku kuwa ga dabarar da ba ta buƙatar kalkuleta: ninka masu a'a sau biyu, in masu eh sun kai haka ko sun fi to ya wuce. 20 da 10 ya wuce, 19 da 11 ya faɗi. Irin wannan ƙuri'ar ba a yin ta da murya, a miƙe tsaye ko a ɗaga hannu. In ka rasa gane wane abu ke buƙatar biyu bisa uku, tambayi kanka ko yana rage wa mambobi wani haƙƙi, kamar rufe muhawara, taƙaita ta, ko jingine dokokin zama. In eh, to yawanci biyu bisa uku ne.

In shugaba ya faɗi sakamakon murya wani bai gamsu ba, mutum ɗaya ya isa ya nemi a miƙe tsaye a sake. Shugaba in mamba ne yana da ƙuri'a, amma a babban zama yana riƙe ta sai in ta sirri ce, ko kuma ƙuri'arsa za ta canza sakamako, wato 14 da 14 ya ce eh ya wuce, ko 15 da 14 ya ce a'a ya faɗi. Sau ɗaya zai kaɗa, ba sau biyu ba.

Mataki na 7: hanyoyin fita in batu ya cije

Huɗu sun ishe ku a shekarar farko. In batun na buƙatar bincike, a kawo ƙudurin miƙa shi ga kwamiti, a faɗi su waye kuma yaushe za su dawo da rahoto, in ba haka ba ya tafi ke nan. In lokaci ne bai yi ba, a ɗage shi zuwa wani lokaci sananne, misali zama mai zuwa. In an gaji da magana, wani ya nemi dama ya kawo ƙudurin rufe muhawara, a mara masa, ba a tattauna shi, a nemi biyu bisa uku. Ihun "a kaɗa kawai, a kaɗa kawai" daga bayan ɗaki ba ya rufe komai, shugaba ya ci gaba da kiran masu hannu a sama. Na huɗu jinginewa, wanda aka yi shi don a ajiye batu na ɗan lokaci saboda wani abu na gaggawa ya taso, amma sai ka ga an mayar da shi makamin kashe ƙudurin da ba a so ba tare da an bar masu shi sun yi magana ba. Shugaba ya tambayi dalilin jinginewa, in babu gaggawa ya ƙi karɓa.

Waɗannan suna da hawa-hawa, daga ƙasa: gyara, kwamiti, ɗagewa, rufe muhawara, jinginewa, sai hutu da tashi a samansu. Na sama yana iya shigowa ana kan na ƙasa, na ƙasa ba ya shigowa ana kan na sama. Kar ka sa su haddace, rubuta a kati ɗaya ka ajiye gaban shugaba.

Mataki na 8: in an karya doka

Kowane mamba na iya miƙewa nan take, ko da wani na magana, ya ce "Mai girma shugaba, ina jan hankali kan doka." Ba ya buƙatar mai mara baya. Ya faɗi dokar da aka karya, shugaba ya yanke. A yi shi a lokacin da abin ya faru, ba bayan an wuce ba. Kuma ba ƙofar kutse ba ce ta shiga muhawara, in ya fara kawo ra'ayinsa kan mujalla shugaba ya dakatar da shi.

In ba a yarda da hukuncin shugaba ba, mutum ɗaya ya ƙalubalanta wani ya mara masa, shugaba ya faɗi dalilinsa, zama ya yanke da ƙuri'a. Sai an sami rinjaye a kan hukuncin yake faɗuwa, kunnen doki na shugaba ne. Ina roƙon duk sabon shugaba kar ya ɗauki wannan a matsayin raini. Ni har daɗi nake ji in an yi, don nauyin ya sauka daga kaina ya koma kan zama, ba wanda zai fita yana cewa shugaba ne ya danne su.

Mataki na 9: zaman gwaji

Yanzu ga koyarwar kanta. Kar ka yi lakca. Na gwada, bayan minti goma idanu sun mutu. Tara mutum goma zuwa ashirin, ka yi bayanin gaɓa shida cikin minti biyar, sai a shiga yi. Zaɓi batu maras nauyi wanda ba zai tayar da jijiyar wuya ba, kamar launin bangon mujalla, don hankali ya tsaya kan tsarin. Ka rubuta katuttuka ka raba a ɓoye: wannan zai kawo ƙuduri, wannan zai mara, wannan zai yi magana ba tare da izini ba, wannan zai nemi magana karo na uku, wannan zai ja hankali kan doka. Kowane minti goma a canza mai kujera, har mai kunyar nan da ba ta taɓa buɗe baki a mitin ba sai ta riƙe guduma, kuma sau da yawa irinsu ne ke fin kowa iyawa saboda suna saurare.

Ba wa mai kujera rubutattun jimlolin da zai faɗa, ya karanta daga takarda ba komai, bayan zagaye uku zai daina kallonta. In ya yi kuskure kar ka katse shi nan take, jira ka ga ko wani zai ja hankali, in babu sai ka tsayar ka tambayi ɗakin me aka tsallake. Haɗuwa ta farko gaɓa shida da muhawara, ta biyu gyara da ƙuri'a, ta uku sauran. In ba za ka sami haɗuwa uku ba, nemi minti goma a farkon kowane mitin na ainihi ka koyar da abu ɗaya tak. In kuma zaman ta intanet kuke yi, a yi amfani da alamar ɗaga hannu, a rubuta kowane ƙuduri a akwatin saƙo, amma ku fara duba ko kundinku ya halatta irin wannan zaman.

Gargaɗi mafi girma: za ka samu wanda ya karanta littafin ya fi kowa, ya mayar da shi sanda yana jan hankali kan doka a kowace jimla har sabbin mambobi su ji tsoron ɗaga hannu. Ja shi gefe ka ba shi aikin mai ba shugaba shawara kan doka, ya zauna kusa da kujera yana rubuto masa a takarda, shawara ce kawai, hukunci na shugaba ne. Mamba kuma in ya rasa kalmar da zai faɗa, shugaba ya tambaye shi me yake son a yi, ya taimaka masa ya tsara ta. Sannan in ku kwamitin zartarwa ne da ba ku wuce mutum goma sha biyu ba, littafin da kansa ya sassauta: ba sai an mara baya ba, ana magana a zaune, shugaba na iya muhawara ya kaɗa ƙuri'a tare da kowa.

Mataki na 10: minit

Sakatare ya rubuta abin da aka yi, ba abin da aka ce ba. Irin zaman, rana, lokaci, wuri, wa ya jagoranta, an amince da minit na baya, kowane babban ƙuduri da ainihin kalmominsa na ƙarshe da sunan wanda ya kawo shi da yadda ya ƙare, adadin ƙuri'u in an ƙirga, duk jan hankali kan doka da hukuncin da aka yanke, sai lokacin tashi da sa hannu. Ba sai an sa sunan wanda ya mara baya ba, kuma ba a rubuta wane ya fusata ko wance ta yi jawabi mai ratsa jiki. Guntayen takardun nan da aka rubuta ƙudurori a kansu, shugaba yana gama karantawa ya miƙa wa sakatare ya rubuta sakamako a bayansu ya maƙale a littafi, ya tsabtace minit ɗin a daren ko washegari tun abin yana kansa, ya tura wa mambobi kafin zama na gaba don kar a ɓata minti goma ana karantawa. Ranar miƙa mulki kuma littafin minit da kundi da katin nan na gaban shugaba su tafi tare hannun sabbin shugabanni, a sa ranar zaman gwajinsu na farko kafin a watse.